Tarihin Shiga Sakandare da Zaɓen Fanni a Ƙasar Manchok

Duk wanda ya bi diddigin karatun boko a ƙasar Moro'a, wadda Manchok ke zaman fadarta a cikin ƙaramar hukumar Kaura ta Jihar Kaduna, zai tarar cewa a cikin abin da bai wuce shekara ɗari ba, wahalar da ke gaban yaro mai neman ilimi ta sauya mazauni ɗungum. A zamanin kakanni shiga makarantar gaba da firamare ita ce babbar mas'ala, domin gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa, amma wanda Allah ya ba shi rabo ya shiga, to, ya san aikin da ke jiransa tun kafin ya fita. A zamaninmu kuwa, da makarantu suka yawaita har yaro ya kan tafi sakandare da ƙafa ya komo gida cin tuwon dare, shigar ta yi sauƙi, nauyin kuma ya koma kan sanin abin da za a karanta in an shiga, da inda karatun zai kai mai shi. Yadda aka yi wannan nauyi ya tashi daga wuyan manya ya faɗa kan yaro ɗan shekara goma sha biyar, shi ne abin da ya cancanci a tsaya a duba da natsuwa.

Manchok tana zaune ne a gindin tsaunukan da suka ɗaga ƙasar Filato, Kagoro na kusa da ita ta ɓangaren Kafanchan, Ganawuri kuma ta ɓangaren Jos, mutanenta kuwa, waɗanda Hausawa ke kira Moro'a su kuma suke kiran kansu Asholio, manoma ne tun asali. Kafin zuwan boko ba a san wata rana guda da ake tambayar yaro abin da yake so ya zama ba, saboda tarbiyyar da kanta ita ce sana'ar: yana tasawa ana ba shi 'yar ƙaramar fartanya daidai hannunsa, ya bi uba gonar dawa da ta acca, ya koyi lokacin shuka daga yanayin sama, ya shiga gayya tare da tsararrakinsa, da rani kuma ya bi manya farauta. Ɗan maƙeri ya kan fara da zuga, 'ya mace kuma ta kan koyi sussuka da surfe da dukan tattalin gida a gefen uwarta. Ba a rubuta manhaja ba, amma akwai ta, kuma malamin da ke koyar da ita shi ne mutumin da ya fi kowa sanin halin ɗalibin, da ƙarfinsa, da inda yake da rauni.

Maƙwabtansu Musulmi na Jama'a da Zangon Katab su ma suna da nasu tsari mai matakai, wanda yaro ke farawa da allo har ya sauke Alƙur'ani, sa'an nan, in yana da himma, ya shiga karatun littattafai, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, bayan haka ya karkata ga fannin da ya fi dacewa da shi, ko fiƙihu ko nahawu ko tafsiri. Abin lura a nan shi ne, ɗalibi ba ya tsallake littafi ya kama wani bisa son ransa, malaminsa ne ke duban basirarsa ya ce masa ga abin da zai ɗauka, in kuma abin ya fi ƙarfin malamin, ya tura shi wurin wanda ya fi shi sani a Zariya ko wani gari. Hanyoyin biyu, ta gona da ta zaure, duk da nisan da ke tsakaninsu, sun haɗu a kan asali guda, wato babba masani shi ke ɗauke wa yaro nauyin zaɓe.

Abubuwa uku ne suka girgiza wannan zama a farkon ƙarni na ashirin. Na farko haƙar kuza a Bukuru da kewayenta, wadda ta riƙa jan samari su hau tudu neman kuɗin haraji. Na biyu hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurɗi, wadda ta mai da Kafanchan mahaɗa a 1927, aka kuma ja reshe daga nan zuwa Jos ya ratsa ta Manchok, har mutane suka ga da idonsu cewa akawun tasha, da ba ya riƙe fartanya, yana karɓar albashi ƙarshen kowane wata saboda ya iya alƙalami. Na uku kuwa, wanda ya fi sauran tasiri, shi ne zuwan 'yan mishan. Da yake Moro'a da Kagoro da Jaba gundumomi ne masu cin gashin kansu, ba a ƙarƙashin wani sarkin yanka suke ba, takunkumin da Turawan mulki suka sa wa mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi bai yi ƙarfi a kansu ba, saboda haka mishan ɗin SIM ya zauna a Kwoi tun 1910, ya kuma kafa tasha a Kagoro a shekarun 1920, limaman Katolika kuma, waɗanda galibinsu 'yan ƙasar Ailan ne, suka biyo baya da nasu coci-coci da makarantu.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiyar maƙasudin waɗannan makarantu na farko, domin ba an buɗe su ba ne don a fitar da likita ko injiniya. Abin da ake nema shi ne mutum ya iya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassara shi da Hausa a 1932, ya iya ɗan lissafi, sa'an nan ya koma ƙauye ya koyar da wasu, ya kuma yi wa'azi. Hausa ce harshen aji, ita ce kuma harshen makarantar koyon Littafi da aka buɗe a Kagoro a farkon shekarun 1930, wadda ta bunƙasa ta zama kwalejin tauhidi ta cocin ECWA da aka sani a yau. Gwamnati a nata ɓangaren ta kafa makarantar horon malamai a Toro, a ƙasar Bauchi, musamman saboda 'ya'yan ƙabilun da ba Musulmi ba, kuma daga cikin waɗanda suka yi karatu a can har da Malam Gwamna Awan, wanda ya yi malanta kafin ya zama Sarkin Kagoro, ya shekara fiye da sittin a kan karaga har rasuwarsa a 2008. Daga irin rayuwarsa iyaye suka fahimci cewa alli na iya kai mutum inda gado kaɗai ba zai kai shi ba.

Da sha'awar karatu ta kama mutane, sai suka tarar da hanyar gaba a ƙuntace. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, ita ce wadda ake kira Barewa a yau, an gina ta ne tun farko domin horar da malamai daga ƙasashen sarakunan Musulmi. Makarantun midil kuwa, da aka tsara a wajajen 1930, suna hannun En'e a manyan biranen larduna, gurbin da ke isowa ga yaron kudancin Zazzau kuma bai taka kara ya karya ba. Saboda haka ido ya koma kan mishan, su ma kuwa ba su yi gaggawa ba. Katolika sun buɗe Kwalejin St. John a Kaduna a 1949, mishan ɗin SUM ya buɗe sakandaren maza a Gindiri a 1950, SIM kuma ta buɗe Kwalejin Titcombe a 1951, amma can a Egbe, a lardin Kabba, tafiyar da ba kowane uba ke iya ɗaukar nauyinta ba. Sai daga baya aka sami sakandare a Kagoro da ta 'yan mata a Kwoi, karatu ya ɗan matso kusa da gida.

A wancan zamani ranar da ake yanke wa yaro makoma ita ce ranar da ya gama babbar firamare, bayan shekara huɗu a ƙarama da uku a babba, ya zauna jarrabawar shiga makarantun gaba. Daga nan hanyoyi suka rabu: wanda ya yi zarra a tafi da shi sakandare ta shekara biyar, mai bi masa a kai shi kwalejin horon malamai ya nemi takardar malanta mai daraja ta uku, in ya yi aiki ya koma ya nemi ta biyu, mai basirar hannu a tura shi makarantar sana'a, irin ta Bukuru, ya koyi kafinta ko gini ko kanikanci, wasu kuma su nufi asibitin mishan na Vom ko wani irinsa su koyi jinya, wasu su shiga makarantar soja ta yara da aka kafa a Zariya a 1954. Galibi ba yaron ke zaɓe ba, uban ma sau da yawa bai san bambancin hanyoyin ba. Hedimasta da fasto ko fada, waɗanda suka shekara bakwai suna kallon yaron, su ke cewa wannan malami ne, wancan kuwa a bar shi ya yi nisa. Lalle an tauye wasu ta wannan hanya, musamman 'ya'ya mata da ake tsayar da su a kan malanta da jinya ko da basirarsu ta wuce nan, amma duk da haka kowace hanya tana da aiki tabbatacce a ƙarshenta.

Tafiyar yaro sakandare kuwa al'amari ne na dangi gaba ɗaya. Takarda ta kan zo ɗauke da jerin kayan da za a tafi da su, wanda ya iya karatu a unguwa ya karanta wa uba, a sayar da akuya ko buhun dawa a haɗa kuɗin makaranta, a sayi akwatin ƙarfe a rubuta sunan yaron a jikinsa da farin fenti, a sa masa bargo da kwano da cokali da fitilar kwai, a ɗaura bokiti da fartanya a gefe, uwa kuma ta ƙulle masa garin kwaki da ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa a tsumma. Ranar tafiya a ɗauko akwatin a ka har tasha, kawu ya ciro sulai daga lalita ya danƙa masa, kaka ta riƙe hannunsa tana yi masa nasiha a kan abokan banza, har jirgi ya yi kuka ya tashi. Yaron da aka raka haka ya san cewa karatun da zai yi amana ce ta mutane da yawa, kuma ƙannensa na jiran ranar da zai fara ɗaukar albashi ya biya musu nasu kuɗin makaranta.

A can makaranta, sai bayan aji uku ne ake raba ɗalibai tsakanin masu karkata ga kimiyya da masu karkata ga adabi da tarihi, malamai kuma, da yake tare suke kwana suke tashi da yaran a makarantar kwana, sun san wanda lissafi ke yi wa sauƙi da wanda harshe ya fi kama shi. A aji biyar a zauna jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, wanda ya ci da kyau ya ƙara shekara biyu ta babbar takardar sakandare kafin jami'a. Zamanin ya kuma taimaka musu, domin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, tana neman 'yan Arewa da za su cike guraben aikin gwamnati ido rufe, ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962, saboda haka mai takardar sakandare bai cika zaman jiran aiki ba, sau da yawa ma aikin ne ke nemansa.

Ƙirƙiro jihohi a 1967 ya sa ƙasar nan a cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka sauya wa suna zuwa Jihar Kaduna a 1976, kuma a farkon shekarun 1970 gwamnatin jihar ta karɓe makarantun mishan, har aka sauya wa wasu suna, St. John ta zama Kwalejin Rimi, St. Paul ta Zariya ta zama Kufena. Sa'an nan a watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, yara suka yi ambaliya cikin azuzuwa, aka yi ta buɗe kwalejojin horon malamai da gaggawa, bayansu kuma makarantun jeka-ka-dawo, domin makarantun kwana ba za su iya ɗaukar wannan taro ba. Falalar wannan ba ta ɓoyuwa, domin dubban 'ya'yan talakawa da a da ba za su taɓa ganin cikin sakandare ba sun samu shiga; illa iyaka, yayin da aji ya cika ya batse, malami kuma ba ya ganin ɗalibi sai daga safe zuwa azahar, wancan sanin na kusa, wanda shi ne tushen kyakkyawar shawara, ya fara raguwa.

Masu tsara ilimi na ƙasa ba su gafala daga wannan ba. Manufar ilimi ta ƙasa da aka fitar a 1977, wadda ta samo asali daga babban taron manhaja na 1969, ita ce ta haifi tsarin nan na 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Hikimar da ke cikinsa ita ce, a shekaru ukun farko yaro ya ɗanɗana komai, har da aikin katako da ƙarfe da lantarki da noma da sha'anin kasuwanci, a riƙa auna shi a kai a kai, sa'an nan malamin ba da shawara ya zauna da shi da iyayensa a duba ko babbar sakandare ce ta dace da shi, ko kwalejin fasaha, ko koyon sana'a. Niyya ta yi kyau, amma tanadi ya gaza: an sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba wa makarantu, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin wanda zai koyar da su, malamin shawara kuwa a makarantu masu yawa bai wuce suna a takarda ba. Aƙibar haka ita ce, kusan kowa ya zarce babbar sakandare, kwalejojin horon malamai na da kuma aka rufe su ko aka mai da su sakandare bayan an ɗaga mafi ƙarancin takardar koyarwa zuwa NCE, hanyoyin da suke huɗu ko biyar suka taru suka zama guda.

A daidai wannan lokaci kuma ƙofar jami'a ta sami sababbin sharuɗɗa. An kafa hukumar JAMB a 1978, aka ƙara hukumar jarrabawa ta NECO a 1999, ƙa'ida kuma ta zauna a kan cewa mai neman jami'a sai ya kawo kiredit biyar, har da Turanci, a yawancin fannoni kuma da lissafi, a cikin darussan da suka dace da fannin da yake nema, ya kuma zauna jarrabawar JAMB a darussa huɗu, Turanci da wasu uku da fannin ya tanada. Mai son likitanci ba makawa sai da fizis da kemistiri da nazarin halittu, mai son injiniya sai da lissafi da fizis da kemistiri, mai son lauya kuma sai da adabin Turanci. Ma'anar wannan ita ce, hukuncin da za a yi wa yaro a ƙofar jami'a an riga an rubuta shi shekara uku kafin nan, a makon da ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare. Tsofaffin ma'aikatan jirgi na Kafanchan sun san cewa ɗan motsin da ake yi wa ƙarfen hanya a mahaɗa bai fi tafin hannu ba, amma shi ke raba jirgin da zai kwana a Jos da wanda zai kwana a Inugu. To, haka zaɓen darussa yake a wancan mako.

Alhali kuwa, in aka dubi yadda ake yin wannan zaɓe a makarantu da yawa, sai hankali ya tashi. A kan tara yara a fili da safe, malami ya ce masu son kimiyya su tsaya nan, masu adabi can, masu kasuwanci can, yaro ya waiwaya ya ga inda abokinsa ya nufa ya bi shi. Wani uban ya ce lalle ɗansa likita zai zama, ya tilasta masa ajin kimiyya ba tare da ya taɓa duban makinsa na lissafi ba, ko ya tambaya shin makarantar tana da malamin fizis da ɗakin gwaji mai kaya. Wata yarinya kuma mai kaifin basira a lissafi ta guje wa kimiyya don an ce mata karatun maza ne. Ba a gane kuskuren sai ranar cike takardar JAMB a shagon kwamfuta, sa'ad da mai shagon zai dubi sakamakon ya ce ai wannan fanni ba ya karɓar waɗannan darussa, a nan ne uba da ɗa za su tsaya suna duban juna, shekara uku da kuɗin jarrabawa sun riga sun tafi.

Abin da ya ƙara wa al'amarin ciwo shi ne, ba a taɓa samun zamanin da makarantun gaba suka kusanci ɗan Manchok kamar yanzu ba. A cikin garin kansa akwai Makarantar Ƙididdiga ta Tarayya. A Gidan Waya akwai Kwalejin Ilimi ta jiha, wadda aka kafa a 1977. A Kafanchan akwai kwalejin koyon jinya da ungozoma, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004. A Samarun Katab akwai sashen aikin gona na kwalejin fasaha ta Nuhu Bamalli. Jos da Zariya kuma ba su da nisan da suke da shi a zamanin akwatin ƙarfe. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da sharuɗɗanta a rubuce, kuma sanin su tun yaro yana aji uku na ƙaramar sakandare ba ya bukatar kuɗi, tambaya kawai yake bukata, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Hukuncin da tarihin nan ya bayar a fili yake: a kowane zamani da karatu ya yi wa mutanen ƙasar nan amfani, akwai wani babba da ya san yaro, ya kuma san hanya, ya tsaya a tsakaninsu. Ba a neman a koma ga tilascin da, domin haƙƙin yaro ne a ji ra'ayinsa, a kuma girmama abin da Allah ya hore masa. Abin da ake nema shi ne kada a bar shi shi kaɗai da nauyin da ya fi ƙarfin shekarunsa. Saboda haka kira ya tabbata a kan iyaye su je makaranta da ƙafarsu kafin a raba azuzuwa, su dubi sakamakon shekara uku, su ji ta bakin malamai. A kan shugabannin makarantu su keɓe malami guda ga wannan aiki, su ba shi lokaci da littafin sharuɗɗan JAMB na shekarar. A kan coci da masallaci da ƙungiyoyin ci gaban gari su gayyato 'ya'yansu likitoci da injiniyoyi da malamai da masu sana'ar hannu, musamman a hutun ƙarshen shekara da kowa ke komowa gida, su zauna da yara su bayyana musu darussan da suka kai su inda suke. Ku kuma da kuka ci moriyar shawarar hedimasta da sulallan kawu, bashi ne a kanku, kuma 'ya'yan ƙannenku da ke shirin shiga babbar sakandare bana su ne masu karɓarsa. Allah ya ba mu ikon sauke wannan amana.